Kofin da Ke Ƙarƙashin Tebur

Jidda, unguwar Nuzla,
Litinin, bayan azahar.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya tsare miki hanya, Ya raba ki da sharrin teku da na tudu, Ya sauke ki Bur Sudan lafiya, Ya kai ki hannun goggonki a Omdurman ba ko ciwon kai. Amin.

Abin kunya ne uba ya rubuta wa 'yarsa takarda alhali bango ɗaya ne tsakaninsu. To amma kwana huɗu ke nan kina ajiye mini shayi a bakin ƙofa ki juya, in na yi magana ki amsa a ciki-ciki. Sunan mahaifiyata gare ki, halinta kuma kika kwaso kaf. Ita ma in ta yi fushi ba ta faɗa, sai dai a ji tukwane suna shan wahala. Na rubuta da Hausa, da ajamin da na koya miki, ko da yake na san zai ba ki wuya. Larabci yana da kalmomi masu santsi da zan iya ɓuya a bayansu, yau kuwa ba na son wurin ɓuya. Ki bi a hankali.

Ran Alhamis jirginki zai tashi. Kin ga shafi ɗaya a tsohon littafina na gwaje-gwaje, kin gane abin da na ɓoye shekara goma sha uku game da mutuwar ƙawarki Hajara, 'yar Baba Isyaku. Kin ce in ban je Khumra, inda yake zaune, na faɗa masa gaskiya ba kafin Laraba ta wuce, ke za ki je. Kin kuma dawo mini da mijhar ɗina, madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa da na ba ki kyauta, kin ce halas, shi ke nan, kin fasa karatun kimiyya, ko ɗinki ne za ki koya a can. Yau Litinin, ban je ba. Jiya na kai har tashar mota na juyo. Tsoro nake ji, Ummi, ba zan ɓoye miki ba.

Shafi ɗaya kika gani. Bari in ba ki sauran, ki yanke mini hukunci da cikakken labari.

Ni da Isyaku tare muka baro Mai Wurno ta ƙasar Sudan muna samari, tare muka yi aikin hajji, tare muka rasa kuɗin komawa. Sai muka shiga sana'ar mutanenmu a garin nan, muka zama saƙƙa, garwa biyu a sanda, daga bazan inda ake rabon ruwa zuwa gidajen mutane, har kafaɗunmu suka yi kanta. Cikin wuraren da nake kai ruwa akwai wata makarantar samari mai ɗakin gwaji, ma'amal. Malamin kimiyyarsu, Ustaz Fu'ad, mutumin Masar, ya lura cewa in na juye ruwa ba na tafiya, sai in tsaya ina leƙen kwalabe. Wata rana ya miƙo mini wani gilashi siriri ya ce in wanke. Na wanke ban fasa ba. Haka na zama farrash na ma'amal, mai shara da wanki da shirya kayan gwaji kafin yara su shigo. Isyaku ya ci gaba da ɗaukar ruwa, kuma ya fi kowa murna da samuna.

Kuskurena na farko a nan ya faru. Akwai gwajin da ake goga sandar gilashi da ƙyallen alharini, sai ta riƙa ɗaukar 'yan guntayen takarda. A littafi kullum yana yi. A Jidda kuwa, ran da danshin teku ya sauka har riga tana manne wa mutum, ko hannunka zai cire sandar nan ba ta ɗaukar komai. Aka ce mufattish zai zo duba makaranta, ranar kuwa bango ma gumi yake. Na gwada da safe sau goma, shiru. Tausayin Ustaz ya kama ni, na ce kada ya ji kunya gaban baƙo. Na jiƙa ƙaro na shafa wa bakin sandar siriri yadda ido ba zai gani ba. Da ya goga ya taɓa takardun, suka manne, yara suka yi shewa, mufattish ya gyaɗa kai ya rubuta abin da zai rubuta.

Da kowa ya fita, Ustaz ya rufe ƙofa, ya nuna mini yatsunsa biyu suna manne da juna.

Ya ce, "Esh hada, mene ne wannan, ya Haruna?"

Na ce, "Ƙaro ne, Ustaz. Na ga danshi zai ba ka kunya."

Ya ce, "Danshi ba ya ba ni kunya. Kai ne ka sa na yi wa yara talatin ƙarya da hannuna."

Ranar ce ya ba ni labarin Mai Ganga. Kin ji shi daga bakina sau ɗari, amma ban taɓa faɗa miki cewa cikin faɗa aka ba ni shi ba. Sunansa na gaskiya ya yi wa harshena nauyi, shi ya sa na laƙa masa wannan. Wani masani ne na ƙasar Turawa, sama da shekara ɗari biyu da suka wuce. An kori mahaifinsa daga ƙasarsu saboda aƙidarsa, shi kuma ana cewa a cikin ganga aka ɓoye shi yana ƙarami aka haye da shi teku. Ya girma a ƙasar wasu, ya zama mai ƙera kayan gwaji yana nuna wa manyan masana. Daga baya ya buɗe ƙofarsa ga kowa, maƙera da 'yan kasuwa har da mata, waɗanda ba su san lissafi ba, yana nuna musu yadda iska da ruwa da haske suke aiki, su gani da idonsu maimakon a ce musu su yarda kawai. Ustaz ya ce shi ma danshi ya sha ɓata masa irin wannan gwaji, domin ƙasarsu ta hazo ce. Da ya shafa ƙaro, da har ya mutu bai san cewa danshi yana da hannu a cikin lamarin ba. Ko Ustaz ya ƙara gishiri ban sani ba, amma haka ya faɗa mini.

Ni kuwa zancen ɗan gudun hijirar da ya zama abin kallo kaɗai na ji, na bar sauran a ƙasa. Na ce ai ni ma baƙo ne, ni ma teku na hayo.

Don haka ga shawarata ta fari. In kin zama malama, kin tsaya gaban 'yan mata kika yi gwaji ya ƙi, ki ce musu ya ƙi. Ki tambaye su ko me ya hana shi. Fuskarki za ta yi zafi na ɗan lokaci, su yi miki dariya a bayan mayafi, washegari sun manta. Kuma ki yi hattara da mai shirya miki kaya in yana ƙaunarki da yawa. Ki duba sandarki da kanki kafin a shigo.

Bayan shekaru Ustaz ya koma ƙasarsu, ya bar mini tsohon mijhar ɗinsa. Da tafiyarsa babu sauran mai duba yatsuna. Na fara fitar da tebur ƙofar gidanmu duk Juma'a bayan la'asar, ina nuna wa mutanen Nuzla abin da na koya. Ƙwai ya shige kwalba mai ƙaramin baki. Kofi cike da ruwa a kife, takarda ta riƙe shi. Ruwan jan kabeji ya canja launi da ɗigon lemon tsami. 'Yan dako, masu wanki, saƙƙa, tsofaffin da suka zo da ƙafa tun daga Katsina, duk sukan taru, mata suna leƙe ta saman katanga. Suka sa mini suna Abu Tajruba, wato uban gwaji. Ina tafiya a layi ana nuna ni, kaina ya kumbura har hula ta yi mini kaɗan.

A nan na yi kuskure na biyu, kuma shi ya haifi na uku. Wata Juma'a tsohuwa Hajiya Kande ta ce, "Kai Haruna, don Allah yaya ƙwan nan yake shiga? Ko aljanu gare ka?" Amsar ba ta da wuya. Wutar da na jefa ciki ce take korar iskar kwalbar, in ta huce iskar waje ta tura ƙwan. Da na faɗa mata da ta gane, mace ce mai kaifin kai. Sai na yi murmushi na ce, "Hajiya, sirrin sana'a ne." Aka yi dariya, na ji daɗi. Daga ranar na daina bayani. Kuma da yake ba na son a ga gwajina ya ƙi, na koma ɗabi'ar farrash, wato duk abin da zan nuna sai na shirya wani irinsa tun da safe na ajiye a ƙarƙashin tebur, bayan zanen da na lulluɓe shi da shi. In na sama ya ƙi, hannuna ya yi ƙasa. Ba wanda ya taɓa kama ni.

Ummi, in ɗaliba ta tambaye ki yaya abu yake, ki ba ta duka, ki miƙa mata kwalbar ta yi da hannunta ko za ta fasa. Ran da kika ji daɗin cewa ke kaɗai kika sani, ki tsorata da kanki. Mai Ganga ya tara mutane don su daina dogara da bakin kowa, ni na tara su don su dogara da nawa.

Yanzu ga abin da kike jira.

Shekarar da kike da shekara shida aka yi ruwan sama mai ƙarfi, ambaliya ta ratsa unguwa, bututun bazan ya lalace. Kwanaki ba ruwa, sai an yi tafiya mai nisa a yi layi tun safe har yamma don garwa biyu. A bayan unguwa akwai wani tsohon sahariji, ramin gini inda mutanen dauri suke tara ruwan sama, ambaliya ta cika shi. Isyaku ya fara ɗiba daga can. Ruwan ja ne, wasu suna saye, wasu suna ɗari-ɗari. Ran Alhamis ya zo mini da gwangwani ɗaya.

Ya ce, "Haruna, kai ne mai madubi. Duba mini. In ba shi da kyau wallahi na bari, ko da za mu kwana da yunwa."

Ki riƙe wannan maganar tasa. Shi ya tambaya, kuma a shirye yake ya bari.

Ran Juma'a da hantsi na fitar da mijhar tsakar gida inda haske yake, na ɗiga ɗigo ɗaya na duba. Halittu ne birjik, wasu na juyi, wasu na tsere. Na san ba lalle su ne masu kisa ba, Ustaz ya taɓa faɗa mini masu kisan sun fi haka ƙanƙanta, amma ya ce ruwan da ambaliya ta bi ta bayan gidaje ta kawo, aka kuma ga wannan rai a cikinsa, kada a kai shi baki sai an tafasa. Na zana su a littafi, na rubuta a ƙasa da hannuna: ruwan saharijin Isyaku, kada a sha sai an tafasa. Shi ne shafin da kika gani. Na shiga na ce wa mahaifiyarki daga yau duk ruwan da zai shiga randarmu a tafasa shi. Ta ce kananzir fa? Na ce ko na fitila ne a juye. Ta tambaye ni dalili, na ce tsafta ce kawai.

Bayan sallar Juma'a, a ƙofar masallaci, Isyaku ya tare ni gaban jama'a ya ce, "Abu Tajruba, yaya?" Idanu suka juyo kaina. Kalma uku ce ta rage mini, in ce a tafasa shi. Sai na ji bakina yana cewa, "Ku zo la'asar ku gani."

Shekara da shekaru ina faɗa wa kaina cewa tausayi ne. Iƙamar Isyaku, takardarsa ta izinin zama, ta ƙare a lokacin, kafilinsa mai tsaya masa ya yi tafiya, in magana ta kai baladiya, hukumar gari, cewa wani saƙƙa yana sayar da ruwan cuta, sai jirgi a mayar da shi gida. Kuma mutane ba su da kananzir ɗin tafasa kowace garwa. Duk wannan gaskiya ne. Amma ai zan iya jan sa gefe in raɗa masa. Gaskiyar da ta fi ita ce, ina da wani gwaji mai kyau da ban taɓa nunawa ba, kuma ban taɓa samun taro irin na ranar ba. A ce wa mutane su tafasa ruwa ba abin kallo ba ne, kowace tsohuwa ta iya faɗar haka.

La'asar ta yi, layi ya cika har kan katanga. Na jefa alimun a ruwan Isyaku, laka ta kwanta. Na zuba shi ta cikin garwa mai huda da na jera wa tsakuwa da yashi da gawayi. Ya fito ƙasa fari tas, na cika kofi na ɗaga sama rana ta ratsa shi. Aka yi kabbara. Har nan ban yi ƙarya ba, tacewa tana fitar da laka. Sai wani daga baya ya ɗaga murya: "Ishrab! Sha mu gani, ya sheikh!" Jama'a suka ɗauka.

Ina da kofi irinsa sak a ƙarƙashin tebur, cike da tafasasshen ruwan randarmu. Na yi kamar zan gyara zane. Ba ma sai na yi tunani ba, hannun ya saba. Na shanye tas na kife kofin a kaina, aka yi ta tafi. Kafin hankali ya dawo kaina na mayar da kofin farko saman tebur.

Ke da Hajara kuna zaune a gaba, kafaɗa da kafaɗa. Kika miƙa hannu ga kofin nan, na buge miki hannu da ƙarfi, na ce kayan aiki ne ba na wasa ba. Kika fashe da kuka. Isyaku yana dariya ya ce, "Haba Haruna, ruwa ne fa." Ya ɗauka ya kurɓa, ya miƙa wa Hajara sauran. Ina tsaye ina kallo ta shanye, ta goge baki da bayan hannu.

Ran da kika shigo mini da littafin a hannu, ba ki yi ihu ba. Cewa kika yi, "Abuya, ranar ce ka buge mini hannu? Ana fakra, ban manta ba." Na kasa ɗaga kai. Eh, ranar ce.

Ban sani ba ko kofin nan ne ya ɗauke ta, ko ruwan kwanakin da suka biyo, domin daga ranar kowa ya kafa garwarsa ta yashi yana sha hankali kwance. Kafin Juma'a ta zagayo zawo da amai sun shiga gidaje. Manya suka sha wuya suka tashi. Hajara ba ta tashi ba. Gidanmu ko ciwon ciki ba wanda ya yi.

Kuskure na huɗu shi ne ya fi tsawo, don har yau ina cikinsa. Mutane suka ce ba laifin sahariji ba ne, ai Abu Tajruba ya sha a gabanmu bai yi komai ba. To laifin wa? Sai aka ce Isyaku ne, ko garwarsa ce ƙazama, ko wani ramin yake ɗibowa a ɓoye. Ƙaryata ta zama shaidar da aka kama shi da ita. Aka daina sayen ruwansa, aka daina amsa masa sallama da kyau. Shi ma ya yarda garwarsa ce. A zaman makoki ya riƙe hannuna yana kuka ya ce, "Kai ka yi naka, Haruna, ni ne ban wanke da kyau ba." Na ce masa haƙuri, ƙaddara ce. Ya tattara ya koma Khumra gadin sito. Ni na naɗe teburina, na ce wa mutane bayana ne ke ciwo.

Duk Sallah yana zuwa da tsarabarki, don in ya gan ki yana ganin tsawon da Hajara za ta kai. Makon jiya ma shi ya kawo miki zamzamiyar da za ki riƙa shan ruwa a jirgin ƙasa. Duk zuwan da ya yi nakan ce yau zan faɗa, sai in ga ya riga ya sha shayi, in ce sai wani zuwan.

Shawarata a nan gajera ce. In kin yi kuskuren da ya taɓa wani, ki faɗa a ranar, kafin ki yi sallar da ke gaba. A ranar farko kalma uku ce. Yanzu ga shi na cika takarda shida ban gama ba.

An kira la'asar. Zan ajiye alƙalami. Ban san abin da zan rubuta a ƙasan nan ba.

Laraba, da yamma.

Na je, Ummi.

Jiya ma na kasa. Yau da safe na ga kin ɗauko abayarki kin rataye a ƙusa kusa da ƙofa, na san ba wasa kike ba. Na ɗauki akwatin mijhar da littafin, na ɗebi ruwa a kwalba daga kwatamin bayan gida, na hau motar Khumra. Ban san dalilin da ya sa na ɗauki akwatin ba, ina jin don hannuna ya sami abin riƙewa ne.

Na same shi a inuwar siton siminti, yana dirzar butar shayinsa da toka. Ki ga hannun duk ya tsage. Ya yi murna, ya ce, "Ahlan, Abu Tajruba! Lafiya dai? Ko tafiyar Ummi ta matso?" Zai ɗora shayi na ce ya bari. Na san in na sha ba zan faɗa ba. Na buɗe shafin, na karanta masa, na faɗa masa na ƙarƙashin tebur. Ban sa maganar iƙama a ciki ba.

Ya ajiye butar a ƙasa. Sannan ya ce, "Kafin la'asar ka gani, ko bayan?"

"Kafin."

"Gidanka an tafasa?"

"An tafasa."

"Da na miƙa mata kofin, kana kallo?"

"Ina kallo."

Ya tashi ya zagaya bayan sito. Ina zaune ina jin motocin kaya suna wucewa, na ce ko sanda ya tafi ɗaukowa, kuma wallahi da ya ɗauko da ban kare ba. Da ya dawo gemunsa a jiƙe yake. Ya nuna mini tafin hannunsa biyu.

Ya ce, "Shekara goma sha uku, duk abin da zan zuba wa ruwa sai na dirje shi har jini. Uwarta ta mutu tana ganin ni ne. Wannan wa zai je ya faɗa mata?"



Can ya nuna akwatin da haɓa. "Shi ne madubin?" Na ce shi ne. Ya ce, "Shekara nawa kana nuna mana ƙwai a kwalba, ba ka taɓa cewa in leƙa wannan ba. Yalla, kafa shi."

Na kafa a kan buhun siminti, na ɗiga ruwan kwatami, na juya madubin ƙasa ya kamo rana. Na nuna masa yadda zai rufe ido ɗaya ya murɗa da kansa. Da farko ya ce ba ya ganin komai sai gashin idonsa. Sai na ga bayansa ya sandare. Ya daɗe a sunkuye, har rana ta gusa sai da na sake gyara masa haske.

Ya ce a hankali, "Ashe ƙanana ne haka. Su ne?"

Na ce, "Ban sani ba. Masu kisan sun fi waɗannan ƙanƙanta, madubina ba ya kama su. Ko sunansu ban sani ba." Ina jin wannan ne karo na farko da na ce ban sani ba a gaban kayan aikina.

"To wa ya sani?"

"Irin makarantar da Ummi za ta, can ake koyarwa. Amma ta ce ta fasa, saboda ni."

Ya miƙe ya rufe akwatin da kansa, ya ja shi kusa da ƙafarsa. Ya ce ran Juma'a bayan la'asar in fitar da teburin nan ƙofar gida, ba zane a kansa, in tara mutanen Nuzla in faɗa musu abin da na faɗa masa. Shi zai kawo madubin da hannunsa, kowa ya leƙa, har mata. Na ce to. Na buɗe baki zan roƙi gafara, ya ɗaga mini hannu ya ce, "Kada ka tambaye ni yau, Haruna." Bai raka ni bakin titi ba.

Har na yi nisa ya kira ni. Ya ce, "Ka faɗa wa Ummi, ba kai ka aike ta ba, ni ne. Ta je ta koyo sunayensu. Ina so in san sunan abin da ya ɗauki Hajara kafin in mutu."

Saƙonsa ke nan, na isar yadda ya faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Ni ba ni da bakin da zan ce ki yi ko kada ki yi.

Gobe kina kan teku, jibi ina gaban mutanen da na yaudara. Ban san yadda za ta kaya ba. Wataƙila bayan Juma'a ba mai sake amsa mini sallama a layin nan, kuma mahaifiyarki, da na faɗa mata ɗazu, tashi ta yi ta shiga ɗaki ta rufe. Mijhar ba zai bi ki gobe ba, yana hannun Isyaku. In kina son sa bayan haka, ki rubuto layi ɗaya, shi za ki rubuta wa ba ni ba.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Ki bi kawunki da zai raka ki sau da ƙafa a tashar jirgi, takardunki su zauna a jikinki ba a akwati ba. Ki gaida goggonki, kada ki biye wa faɗanta, bakinta ne kawai. Zamzamiyar da Baba Isyaku ya ba ki tana rataye a ƙusa kusa da abayarki. Ni na tafasa ruwan da ke ciki, na kuma kurɓa daga bakinta ita kanta, ba daga wani kofi ba. In ba ki yarda ba ki zubar ki tafasa naki, ba zan ji haushi ba, hakan ma ya fi.

Allah Ya kiyaye ki gaba da baya, Ya sa ki sauka lafiya ki dawo lafiya, Ya ba ki ilimi mai amfani da harshen da zai faɗe shi a kan lokaci. Allah Ya jiƙan Hajara da mahaifiyarta, Ya sanyaya zuciyar Isyaku. In kin ga za ki iya, ki sa ni a addu'a ran Juma'a da la'asar.

Wassalam.

Mahaifinki,
Haruna farrash